Farar Ƙasar da Inna Ta Kawo

Lahadi, 16 ga Sha'aban 1379

Wasiƙa daga Agadas. Inna za ta zo aikin Hajji bana! Shekara tara rabona da ita. Na yi ta rawa a tsakar gida har Sa'adiya maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Ke Rumasa'u, a hankali da cikin nan!" Ta yi gaskiya. Shekara tara muna roƙonsa.

Kuma Inna za ta taho min da farar ƙasar da na roƙa. Kwaɗayinta zai kashe ni, ta garin nan ba ta da ƙamshi.

Litinin, 17 ga Sha'aban

Maigidana Idris ya dawo daga shagon ɗinki fuska a murtuke. Wai rediyo ta ce Faransawa sun tayar da wani mugun bam a hamada, arewa da garinmu. Wai gubarsa tana bin iska ta sauka kan ƙasa da ruwa da ciyawa, ba a ganinta, ba a jin warinta, kuma 'ya'yan ciki ta fi cutarwa. Na ce, "Malam, abin da ba a gani ba a ji, ina ka san da shi?" Mutumin nan da akwatin surutunsa!

Talata, 8 ga Shawwal

Faransawa sun sake tayar da wani bam. Idris bai ci abinci ba. Ni na ci nawa na ci nasa.

Litinin, 20 ga Zulƙida

Ta iso! Ta rame, ta yi baƙi, amma dariyarta tana nan. Mota har Sudan, jirgin ruwa har Jidda, ga ta a Misfala, unguwarmu a Makka, tana faɗa da masu dako da Hausa, suna rama mata da Larabci. Na rungume ta, ta kau da kai ta ce, "Yarinyar nan ta yi ƙiba." Ni ce 'yar fari, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido. Amma ta riƙe min hannu har muka shiga gida.

Ta ajiye ƙullin farar ƙasar a bakin tabarma.

Talata, 21 ga Zulƙida

Na kai baki. Wallahi har miyau ya tsinke min. Sai ɗan cikin nan ya harbe ni a haƙarƙari, na ajiye.

Ba don maganar Idris ba fa. Amma in gaskiya ce? Kuma ta yaya zan ce wa tsohuwar da ta ratso ƙasa uku da abu a ƙugunta ba zan ci ba?

Asabar, 25 ga Zulƙida

Na samo dabara. Kullum in gutsuri kaɗan a gabanta, in motsa baki, in tana alwala in jefa a gwangwanin zare. Abin mamaki, duk sanda na gutsura sai ta tashi ta fita. Ko ta gane ta yi fushi? Raina ba daɗi.

Juma'a, 15 ga Zulhajji

Sun dawo daga Mina ita da Idris, ni nauyi ya hana ni. Hajiya Inna! Sai labarin yadda ta jefi Shaiɗan take yi, wai saura kaɗan ta bi shi da takalmi.

Da hantsi ta nemi allura. Kafin in yunƙura ta buɗe gwangwanin. Ta daɗe tana kallon gutsattsarin. Na ce a raina yau na kaɗe.

Ta ce, "Ba a ci ba?"

Na ce, "Ba a ci ba, Inna. Ki yafe min."

Sai ta zauna daɓas ta fashe da dariya har da hawaye. Ashe su ma sun ji labarin a can, tun ranar take rufe rijiyarta. Ta ce an roƙe ta a wasiƙa, ba ta iya zuwa hannu rabbana ba, ba ta kuma iya buɗe baki ta hana ni ba. A Arfa ba abin da ta roƙa sai kada ƙasar nan ta taɓa jikanta.

Ta ɗago ta kalle ni sosai, ta ce, "Rumasa'u, kada ki ci."

Sunana. Ashe haka yake a bakinta.

Alhamis, 12 ga Muharram 1380

Yau suna. Namiji, Awwalu, ƙato, yatsu cif-cif, na ƙirga sau uku. Sa'adiya tana ta "Mabruk!" tana guɗa.

Gwangwanin yana kan kantar ɗaki, a rufe. Nakan buɗe in shinshina kawai.

Ɗazu Idris ya shigo ya tarar na kunna rediyonsa, ya tsaya yana min murmushi. Na ce Inna ce ke son jin ta ina iska ke kaɗawa. Inna kuwa tana waje tana wa jikanta wanka.