Ƙofar Motar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ba sanda, Auta kuma ta koma makaranta.

Yaya, maganar motar marigayi Baba ce. Ka tuna da ka ce a gyara ta, na gaya maka bodinta ya sha tsatsa, sai an kankare da samfefa har ƙarfe ya fito fari, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, a bar shi ya bushe sosai kafin a ɗora komai. Na ce zai ci wata biyu. Sai mai fentin bakin titi, wanda ake kira Sha-Yanzu, ya ce maka a waya wai jan fenti aikin tsofaffi ne, akwai mai ruwan toka da ake fesawa kan tsatsar kai tsaye, sati ɗaya ta fito amarya. Ka ce in tura maka hoton gwangwanin biyu. Ka zaɓi mai rubutun Turanci da yawa, ka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na kai wa Sha-Yanzu motar. Ban yi boko ba, amma shekara tara ina gareji, da ɗan yatsa nake karanta ƙarfe.

Ta kuwa yi sheƙi, kai ma ka yaba hoton. Ashe kallon kitse muka yi wa rogo. Damina na sauka fentin ya fara ƙuraje kamar mai ƙyanda. Na danna ɗaya da farce, jan ruwa ya fito. Da na sami Sha-Yanzu ko kayan fesawarsa bai ajiye ba, ya ce shi fenti ya sani, ruwan sama kuma a tambayi mai saukar da shi.

Sauran jikin zai cetu. Abin da ya ƙona min rai ƙofar direba ce. Ka san ɗan lotsawar nan a bakin gilashi, inda Baba yake ɗora gwiwar hannu shekara da shekaru. Nan Umma take dafawa kullum da safe ta yi masa addu'a. Ruwa ya kwanta a ciki, tsatsar da aka rufe ta cinye wurin kamar gara. Jiya mai walda ya yanke shi ya liƙa sabon ƙarfe. Yau da safe Umma ta shafa, ta sake shafawa, ta tambaye ni ko an canja motar ne.

Na fara kankarewa da hannuna, jan fenti zan sa. Za ta yi muni wata biyu, don haka kada ka nemi hoto. Guntun ƙofar na naɗe shi a tsumma, direban da ya kawo maka takardar nan zai ba ka. Gabansa har yanzu yana sheƙi. Ka juya bayansa ka karanta, ba da Turanci aka rubuta ba.

Ka gaida Anti da Ƙaramin Baba da 'yan biyu. Umma, Auta da Kawu duk suna gaishe ka.

Ni ne ƙaninka mai tsatsa a farce,
Ɗan Gareji