Rigar Tsamiyar Baba

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya ƙanwata Wasila? Ina lafiya, ruwan zafi ne kawai ya saɓule mini fatar hannu. Aikin alharini ke nan a Indiya: tsutsar da ke saƙa shi tana cikin gidanta da ranta muke jefa ta a tukunya, mu zare zaren.

Na ga hoton zaman sulhu. Inna, rigar tsamiyar Baba ce, wadda aka kashe shi a cikinta, a jikin ɗan bindigar da Kawu Sama'ila yake ba hannu! Ga hudar harsashi nan a ƙirji!

Kin ce mu yi haƙuri. Tsutsar nan ma haƙuri take yi. Ki ɗauki Wasila ku bar Kwatarkwashi, ku koma Gusau gobe.

Allah ya tsare ku.

Ɗanki,
Tajuddeen