Sababbin na bayar

Baban yara,

Ka yi haƙuri, garin gwaninta na yi maka ɓarna. Ɗazu ina share gareji mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa, na kwashe masa tarkace, har da wasu 'yan sandunan ƙarfe biyu na cikin tsumma. Ashe su ne sababbin linkej ɗin tsohuwar motarka ta tsere, masu hana ta tangaɗi a kwana, da ka sha wahalar samu. Tsofaffin ka mayar cikin kwalin sababbin, ni kuwa na adana su fes.

Kada makaniki ya ɗaura na kwalin. Na bi sawun mutumin. In ka ga na daɗe, ban same shi ba ne, ina neman idon da zan dube ka da shi.

Maman yara