Farar Ƙwaya a Gwangwanin Inna

Zuwa ga Shugaban Sashen Ba da Magani na asibitin da muke zuwa a nan Minna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Yallaɓai, ni tela ne a Shango. Ina rubuto muku ne da sanyin zuciya, domin mahaifiyata Inna ta dawo gida da ƙafafunta. Amma ina da ƙorafi, kuma ba zan haɗiye shi ba.

Na farko. Inna ba ta san sunan magani ba, launi ta sani: akwai "ja da yalo", akwai "fari". Ma'aikatanku kuwa a 'yar ambulan suke zuba ƙwaya, su ja layi uku alamar sau uku a rana, shi ke nan, babu suna, babu ranar lalacewa. Ranar Talatar makon jiya kanta ya yi ciwo, ta buɗe gwangwanin madarar da take tara ragowar magani, ta sha fari guda biyu. Ashe maganin ciwon sukarin marigayi mahaifina ne. Da azahar na same ta kwance a bakin murhu, gumi sharkaf, ba ta gane ni ba. Na tsorata ƙwarai. Allah ya saka wa nas-nas ɗinku da alheri, su suka ceto ta.

Na biyu. Da na zazzage gwangwanin, ambulan talatin da ɗaya na ƙirga, wasu tun kafin canjin kuɗi. Laifinmu ne, na yarda. A gidanmu zubar da magani almubazzaranci ne. Na kwaso su na kawo tagarku, aka ce ba a karɓar ragowa. To ina zan kai? A bola yara da awaki ke wuni. Masanmu kuma bai da nisa da rijiya. Kwana biyu ina yawo da su a aljihu kamar mai tallar ƙwaya, sai da maƙwabciyarmu Maman Ladi, tsohuwar ungozoma, ta sa na daka su, na cakuɗa da toka, na toshe a kwalba na binne can bayan gari.

Roƙona biyu ne. A riƙa rubuta sunan magani da ciwon da yake yi wa aiki a jikin ambulan, da boko ko da ajami. Sannan a ajiye akwati mai kwaɗo a bakin taga, inda za mu riƙa mayar da ragowa.

Sai da na zo binnewa Inna ta faɗa mini dalilin da ya sa ta ƙi zubar da na Baba shekara uku: ita ce ke miƙa masa su kullum da safe. Na mayar mata da gwangwanin, yanzu carbin Baba ne a ciki.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku gama da aikinku lafiya.

Wassalam.
Naku, wani tela daga Shango, Minna.