Gurbin da Ya Rage a Ɗakin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, sai dai yana sa ta barci da rana. Auta ya koma aikin yini a kantin magani, har ya fara ajiye tumbi. Na zaɓi in rubuto ne domin in na kira ka ba na kai ƙarshen zance, ko layi ya yanke, ko kai ka yanke ni da tambaya.

Jikin Baba alhamdulillahi. Hannun da ya shanye ya fara riƙe cokali, baki ma ya fara sakuwa, sai dai kalma takan maƙale masa, ya yi ta nemanta har ransa ya ɓaci. Ka ji labarin faɗuwarsa a bakin Auta, amma ba ka ji yadda aka yi ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, ranar hutu ɗakinsa cika yake yi har a rasa wurin aje ƙafa, kulolin abinci jere a ƙarƙashin tebur, kowa da shawarar da ya zo da ita. Ranar aiki kuwa kowa ya ɗauka wani yana nan. A irin haka ne ranar Inna tana barci, Gwaggo ta tafi don ta zaci ina hanya, ni kuma ina ofis na saki jiki cewa Gwaggo na wurinsa. Ƙishirwa ta kama shi, ya yunƙura zai ɗauko ruwa, ya zame tsakanin gado da kujera. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai ya yi a gwiwar hannu, amma ya daɗe a ƙasa kafin mai shagon ƙofar gida ya ji yana buga ƙafar gado da kofi. Da na iso na tarar an ɗaga shi, ya juya fuska bango, ya ƙi kallon kowa. Mutumin da ya yi shekaru yana aikin kafinta, yana ɗaga katako shi kaɗai. Yaya, ban taɓa jin abin da na ji ranar ba.

Ka san aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma a ofishinmu abin da muke yi shi ne tsara wa mutane lokacin amfani da ɗakunan taro, don kada biyu su yi karo a ɗaki ɗaya. Sai na ga ashe maganin yana hannuna. Na rubuta wata ƙarama ta gidanmu, na sa wa kowa a wayarsa. Wanda zai zauna da Baba ya sa lokacin da zai fara da lokacin da zai tashi. Manhajar tana ajiye waɗannan lokuta a jere, na gaba a gaba, na baya a baya. In sabo ya zo ba sai ta bi duka tana dubawa ba. Wurin da ya dace da shi take nema, ta dubi na gabansa da na bayansa kawai, in bai hau kan ɗayansu ba ta karɓa. In mutum ya ɗauki biyu da suka haɗa baki sai ta haɗe masa su zama ɗaya. Babban amfanin kuwa, da yake a jere suke, duk inda aka bar giɓi nan take yake fitowa da ja. Da na yi wa Baba bayani sai ya yi dariya, ya ce ai shimfiɗa katakon daɓe ke nan, ashe duk karatun nan da na yi kafinta na zama ban sani ba. Dariyarsa ta farko ke nan tun da ya faɗi.

Ba a rasa rigima ba. Ran da Gwaggo ta sa lokacinta manhajar ta ƙi karɓa don ya hau kan na Auta, sai ga ta a gida ko mayafi ba ta daidaita ba. Ta ce ita da suka sha nono ɗaya da Baba, ba wayar da za ta yanka mata lokacin ganin ƙaninta, kuma in ni ce na sa ta, to ta goya ni kafin in san hannun dama. Na ba ta haƙuri, don da gaskiyarta. Na koma na raba abin biyu: ziyara kowa ya zo sanda ya so, ko goma ne a taru, amma riƙo mutum ɗaya ne, shi za a tambaya in wani abu ya faru. Yanzu ita ce kan gaba. Takan kwashe safiya gaba ɗaya, in mai gashin ƙashi zai zo manhajar ta tsaga mata lokacin biyu ta sa shi a tsakiya, ita kuma ta je kicin ta yi ta yi wa Inna gyaran miya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, in dai kowane ya san sanda zai shiga tukunya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Duk mako ya cika sai wuri ɗaya da ya ƙi, daga bayan azahar zuwa la'asar a ranakun aiki. Inna barci, ni da Auta aiki, Gwaggo ɗauko jikoki daga makaranta. Yanzu mai shago ke leƙowa, amma shi ma da ciniki a gabansa. Na lissafa bambancin lokacinmu da naku, na ga lokacin nan ku a can kun tashi daga aiki, kana gida. Kullum kana tambayata me za ka yi daga nesa, ina ce maka addu'a. To ga abin yi ya samu. Tsohon yaron shagon Baba ya ƙera mana ɗan katakon jingina waya a gefen gado, daga nan ana ganin ɗakin duka har ƙofa. Ka kira ta bidiyo ka zauna da shi. In ka ga zai yunƙura, ka buga wa mai shago, taku kaɗan ne. Likita ma ya ce abin da bakinsa ya fi buƙata yanzu shi ne hira, da wanda ba zai ƙarasa masa kalma ba. Mu duk mun kasa, tausayi ke sa mu riga shi. Kai kuwa ka iya musu, kuma da kai kaɗai yake jin daɗin yin sa.

Na san kana dawowa a gajiye, kuma yara na da haƙƙinsu. Ko kwana biyu a mako ka ɗauka, an rage. Ban so in gaya wa Baba ba sai na ji daga gare ka, amma Auta bakinsa ba ya riƙe magana. Jiya na shiga na tarar Baba ya sa Inna ta kira wanzami an gyara masa gemu, ya kuma sa an juya gadon don haske ya riƙa faɗo masa a fuska. Ya ce kada in ba kowa wurin nan, ko Gwaggo ta nema, sai ka amsa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi mai sukari. Gwaggo da Auta suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti ƙwarai, ka shafa mini kan Hajiya Ƙarama da Sarkin Ɓarna. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Kafintar Baba