Na'urar da Inna Ta Kulle a Kabad

Yayana,

Assalamu alaikum. Ka taɓa kawowa a ranka cewa dokar da ka kafa gidanmu za ta fara ci? Bari dai in gaishe ka tukuna. Ina fata kana lafiya, Allah ya ƙara buɗi, ya tsare mana kai. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Baba ta yi sauƙi, Auta kuma ta fara koyon ɗinki.

Ka san tsarin da ka haɗa mana a bene kafin ka tafi: kowane gida da 'yar na'urarsa a taga, tana karɓar intanet tana miƙa wa maƙwabci. Wanda ya miƙa, nasa ya yi gudu. Wanda ya ƙi, a rage masa, in ya ci gaba da ƙi a cire shi. Ba ni gishiri in ba ka manda. Littattafan da ka bari a kan wannan lissafin duk na cinye su, har wa'azi nake wa mutane da su.

Kwanan baya hawa na sama ya daina samun layi, ɗiyar tela ta kasa tura aikin makarantarta. Aka taru a gindin matakala, ni kuma ka san bakina. Na ce akwai cima-zaune a benen nan, mai lashe kwano ya bar wa wani wanki. Na rantse in na gano shi da hannuna zan cire shi, ko ɗan gidan uban wane ne. Mai aski har tafa mini ya yi.

Na bi ƙofa-ƙofa ina dubawa. Yaya, a ɗakin Inna na tsaya. Ta ɗauke na'urar daga taga, ta naɗe ta da ɗankwali, ta kulle a kabad ɗin ƙarfe, wayar wuta kawai ke leƙowa. Wai rana na dukanta, kuma abin da yaron nan ya kafa da hannunsa ba zai lalace a gabanta ba. Tsarinka kuwa ya ɗauke ta marowaciya, ya shaƙe mata layi. Shi ya sa kiranku ke tsinkewa. Ita a zatonta kai ke katsewa don ta cika surutu, haka ta gaya wa Gwaggo.

Na mayar da na'urar taga, amma magana zarar bunu ce. Mai aski ya ce in aka yafe wa uwar mai doka, gobe shi ma zai kashe tasa, kuma na san rabin bene za su bi shi. Tela ya ce duk wanda ya yanke wa tsohuwa layi, shi da shi ko gaisuwa. Inna ta ji abin da na faɗa a matakala. Ba ta yi faɗa ba, tambayata kawai ta yi ko na ci abinci. Yanzu sai na leƙa na ga ba kowa nake sauka.

Baba da Gwaggo da Auta suna gaishe ka. Ka gaida Kawu da matarka.

Kada ka kira ni a ɓoye ka ce in san dabarar da zan yi. Ka shiga zauren hirar 'yan bene na waya, inda kowa zai ji, ka faɗa da bakinka: a cire Inna, ko a karya dokar?

Ƙaninka.