Ɗaki Ɗaya, Kuɗin Kaɗaici Biyu

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Sauraren Koke-koke,
Ƙungiyar Kamfanonin Yawon Buɗe Ido.

Daga:
Malamar lissafi, sakandaren 'yan mata, mai kujera ta 14 a motar tafiya.

Rana: 19 ga Agusta, 2024

Game da: Sayar wa mutum biyu ɗaki ɗaya a farashin mai kwana shi kaɗai

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kukana kan wani kamfani da ke ƙarƙashin ƙungiyarku. Sunansa na kan rasit ɗin da na haɗo.

1. Ranar 2 ga Yuli na biya kuɗin tafiyar kwana huɗu zuwa bakin tafki. Manajan ya bayyana mini cewa farashinsu na mutum biyu ne a ɗaki, mai son ɗaki shi kaɗai sai ya ƙara kashi arba'in cikin ɗari. Na ƙara. Shekara guda na yi ina tari, kuma wadda ke wuni da ɗalibai sittin ta san darajar shiru.

2. Ranar 8 ga Agusta na buɗe ɗakina, sai ga wata dattijuwa a gadon kusa da taga, tana shafa man zafi a gwiwa, rediyonta na ta sambatu. Ta tausaya mini, wai 'yar nan ta yi ɓatan kai. Muka fito da rasit. Ita ma ta biya kashi arba'in ɗin.

3. Da na kira manajan, ya ce motarsa mai kujera talatin ce amma mutum ashirin da biyu ya samu, man fetur ya tashi, riba ta zama bakin wuƙa, kuma yarinya kamata ba za ta gane lissafin kasuwa ba. Ranka ya daɗe, lissafi nake koyarwa. Ya karɓi ƙari sau biyu, ya kama ɗaki ɗaya, ya cike gurbin kujeru takwas da aljihunmu. Ba ni na bar su wayam ba.

4. Na jure. Ban ɗaga murya ba, ban zubar da hawaye ba. Na haddace sunayen jikokin dattijuwar goma sha ɗaya, na iya ɗaure gwiwa, littafin da na tafi da shi kuwa yana shafi na uku har yau. Goggo mutuniyar kirki ce, ba da ita nake ba.

Saboda haka ina roƙo a umarci kamfanin ya mayar wa kowaccenmu ƙarin da ta biya cikin kwana goma sha huɗu, da wasiƙar ban haƙuri wadda babu kalmar "yarinya" a cikinta. Idan manajan ya rikice wajen fitar da kashi arba'in, ina aji na uku kullum da ƙarfe takwas, akwai benci a gaba.

Ina mai matuƙar ladabi da biyayya,

Malamar lissafi (sa hannu)
Goggo, abokiyar ɗaki (dangwalen yatsa)

A gafarce mu da maiƙon da ke gefen takardar. Man zafi ne.